Kujerar Khoabane

Ranar da sakatariyar majalisa ta zo da maganar madadi, Ntate Khoabane, wato Baba Khoabane a harshensu, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Yarinya ce daga garuruwan da ke ƙasan duwatsu, sunanta Puleng, takalminta ma ba na hawan dutse ba ne. Ta tsaya a rumfar askin tumaki, inda kwamitin kiwo yake zama tun kafuwarsa, ta ce majalisa ta gaji da ɗage zama saboda wane yana jinya, wane ya tafi jana'iza. Daga yau kowane ɗan kwamiti zai ba da sunan mutum ɗaya daga ƙauyensa, wanda zai zauna a madadinsa ranar da ba ya nan. Wanda bai bayar ba kafin zama na gaba, kansila zai naɗa masa.

Su bakwai ne a kwamitin, kowa da ƙauyen da yake wakilta. Aikinsu ba da shawara ne: wane gangare za a rufe ciyawarsa ta huta, wane za a buɗe, kuma yaushe. Majalisa ce mai zartarwa, amma ba ta cika saɓa musu ba, don 'yan majalisa ba sa son hawa dutse cikin sanyi su duba ciyawa da idonsu.

Mutum shida suka ba da suna a nan take. Wannan ya ce ƙaninsa, wancan ya ce ɗan wansa. Da aka zo kan Khoabane sai ya gyara bargonsa ya ce shi bai mutu ba.

Puleng ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. Sefali ne ya amsa, mai awakin gashi mafi yawa a duk kwarin, mutum mai taushin murya da faɗin ciki.

"Ntate, ba wanda ya ce ka mutu. Cewa aka yi ka nuna mana mai riƙe maka sanda ranar da tarin nan ya kayar da kai."

Aka yi dariya. Khoabane bai yi ba. Tarin gaskiya ne, ya kwaso shi daga ramin zinariya a ƙetare, kamar yawancin sa'o'insa. Amma tari bai taɓa hana shi zama ba, ƙanƙara ma ba ta taɓa ba. Kuma a gidan da ya tashi ba a nuna wanda zai zauna wurin mutum sai an rufe kabarinsa. Bayan nan ne ake fito da bargonsa da sandarsa a miƙa wa wanda za a miƙa wa. Mutum ya nuna da bakinsa yana numfashi, to ya yi wa mutuwa sallama ke nan. Duk wanda ke rumfar ya san haka. Sun dai ga takardar gwamnati sun yi kamar sun manta.

Ya hau godiyarsa ya koma ƙauyensu Ha Nkhasi bai yi wa kowa ban kwana ba.

Hanyar ta bi ta ƙarƙashin gangaren Matsoana, ya tsaya ya dube shi. A can saman gangaren idon ruwan ƙauyensu yake. Shekarun baya dabbobi sun cinye wurin har ƙasa ta fito fili, ruwan sama ya yanka rami mai zurfin mutum, idon ruwan ya koma ɗiga. Matan Ha Nkhasi suka koma sauka kogi da bokiti a ka, tafiyar da ke cinye musu safiya. Khoabane ne ya tsaya kai da fata har aka mayar da gangaren hurumi. Yanzu ciyawa ta kai gwiwa, ruwa ya dawo. Ciyawar nan ce ta tsone wa Sefali ido. Yana so a buɗe kafin hunturu, kuma zama na gaba shi ne na yanke shawara.

Lissafin a fili yake. Sefali yana da mutum biyu, ɗaya daga cikinsu shi ne shugaban kwamiti, Ramakatsa, tsohon malamin makaranta. Khoabane yana da uku. Huɗu da uku ke nan, muddin yana kan kujerarsa. In kujerar ta zama ba kowa, uku da uku, kuma in an yi kunnen doki bakin shugaba ne yake raba gardama.

Matarsa Matefo ce ta kawo masa sauran labarin, daga wurin niƙa. Ta ajiye buhun garin masara, ta zauna tana haki, ta ce kansila ya riga ya zaɓi wanda zai naɗa masa. Pitso ne, mijin ƙanwar Sefali, wanda gidansa ke bakin ƙauye.

"Ka ci gaba da cewa ba ka mutu ba, Baban Tefo. Su suna can suna auna maka makara."

Ya ce mata ta rufe masa baki. Ta ce bakin nata ne, kuma ita ce za ta ɗauki bokiti zuwa kogi da ƙafafun nan, ba shi ba.

Washegari ya fita neman mutum. Ya fara da Molahlehi, abokinsa tun suna kiwo. Ya same shi yana shan hantsi a jikin katangar garke. Ya yi masa bayani sau biyu da ƙarfi, Molahlehi yana gyaɗa kai, daga ƙarshe ya tambaye shi ko wa ya rasu. Ya wuce gidan Thamae, aka ce ya koma aiki a ƙetare. Ya je wurin 'ya'yan Lebina mai shago, ya tarar babban yana Maseru, babban birni, ƙaramin kuma kowa ya san a gidan Sefali yake shan giyar dawa kyauta. Ƙauyen duk tsofaffi ne da mata da yara. Ɗansa Tefo yana can cikin rami kamar yadda shi ya yi, ba ya zuwa gida sai Kirsimeti.

Ya dawo da yamma, ya zauna ya ci tuwo da ganye. Matefo ta bari ya wanke hannu, sannan ta ce masa ai akwai Malineo.

Malineo, wato uwar Lineo, matar Tefo ce. Ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya tafi, ita ke kai tumaki aski, ita ke ciniki da makiyayin haya da ke tsare garken a saman dutse. Khoabane ya san ba ta da wasa. Amma suruka ce. Tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sunan wani mai irin sunan. Ba ta taɓa bargonsa, ba ta karɓar abu daga hannunsa, ba ta zama inda ya zauna. In ta zo shara ta tarar da kujerarsa a hanya, sai ta share kewaye da ita ta bar ta.

Ya ce wa Matefo ta tsufa har hankalinta ya fara zuba. Ta yaya macen da ba ta iya zama kan kujerarsa a gida za ta zauna kan kujerarsa a gaban maza?

"Wa ya ce za ta zauna? Ba kai ne ba ka fashi ba? Suna suke so, ba su suna. Toshe ƙofa ne kawai, kada Pitso ya shigo."

Ya juya maganar a ransa. Sai ya ga ta yi masa daidai ta inda bai zata ba. In ya ba da sunan wanda ba zai taɓa iya zama wurinsa ba, to bai nuna magaji ba ke nan. Ya cika umarnin majalisa, bai kuma kira wa kansa komai ba. Har ya ji wani ɗan daɗi, kamar ya yi wa gwamnati da mutuwa wayo lokaci ɗaya.

Aka kira Malineo. Ta durƙusa daga waje, gefen ƙofa, kanta a ƙasa. Matefo ta faɗa mata abin da ake ciki, ko da yake mai maganar yana zaune yana ji. Malineo ta juya wajen Matefo.

"Mama, ki tambayar mini Baba. In aka kira ni fa?"

"Ba za a kira ki ba," in ji Khoabane, yana kallon bango.

Ta ce to.

Ya sauka ofishin majalisa da kansa ya dangwala yatsa. Kafin ya dawo labari ya riga shi hawa dutse. A shagon Lebina wani ya ce Khoabane ya ɗaura wa kujerarsa zani. Ya ji, bai waiwaya ba.

Ranar zaman an tashi da iska mai yanka kunne, saman duwatsu ya fara fari. Puleng ta aiko cewa kowa ya zo da madadinsa a gabatar da shi, don haka Malineo ta biyo shi a kan dokin Tefo, ta bar tazara mai yawa tsakaninsu. A rumfar, 'yan kwamiti suka zauna a kujerunsu na ƙarfe kewaye da teburin tantance ulu. Kujerar Khoabane ita ce ta kusa da taga, ya ɗaure mata fatar tunkiya tun shekarun baya saboda sanyin ƙarfe. Madadai suka jeru a kan buhunan ulu a jikin bango, maza shida, Malineo a can ƙarshe.

Ramakatsa ya buɗe da addu'a. Ya ce kowane madadi ya tashi ya faɗi sunansa da sunan wanda yake tsaya wa, sakatariya ta rubuta. Suka yi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zo kan Malineo sai Sefali ya ɗaga hannu, ya ce a yi masa afuwa, akwai maganar da ba za ta jira ba.

Ya yi kira, wani mai tsaron hurumi ya shigo yana jan tunkiya da igiya.

Sefali ya ce jiya da yamma an kama tumaki a tsakiyar Matsoana, kusa da idon ruwa, suna ci hankali kwance. An kora su garken mai gari. Wannan ɗaya ce daga ciki, ya sa a kawo ta don kada a ce ya yi wa wani ƙage. Ya ce shi ba zai faɗi mai su ba, dattawa su duba kunne.

Khoabane ya tashi tun kafin kowa ya motsa. Ya kama kan tunkiyar ya juya kunnen. Yanka biyu a gefe, tsaga ɗaya a sama. Da wuƙarsa ya yi shi, irin na ubansa. Ya san tunkiyar ma, ita ce mai ɗingishi da ƙafar baya.

Garkensa yana can saman dutse, nesa da Matsoana, a hannun makiyayin haya. Tumaki ba sa yin wannan tafiya su kaɗai. Ko an ba makiyayin giya, ko an ba shi abin da ya fi giya. Ya dubi Sefali, Sefali yana duban rufin kwano. Ba shaida, kuma ba lokacin nemanta.

"Tawa ce," in ji shi.

Ramakatsa ya yi gyaran murya, ya ce abin bai yi masa daɗi ba, amma akwai ƙa'ida. Wanda aka kama dabbarsa a hurumi ba ya zama a maganar wannan hurumin sai ya biya tara an wanke shi. Bai ƙara da cewa Khoabane ne ya kawo ƙa'idar ba, shi ya kuma fitar da wan Sefali daga wannan rumfa da ita. Ba sai ya faɗa ba.

Ɗaya daga mutanen Khoabane, tsoho Mosiuoa, ya nemi a ɗage zaman. Ramakatsa ya ce ai saboda a daina ɗagewa aka kawo tsarin madadi, ko ba haka ba, sakatariya? Puleng ta ce haka ne.

Khoabane ya ɗauki sandarsa ya taka zuwa ƙofa. A nan ya tsaya, ƙafa ɗaya a waje. Sai a lokacin ya ga ramin gaba ɗaya. Ba Pitso ne tarkon ba. Da ya toshe wa Pitso ƙofa, sai suka duba abin da ya toshe ta da shi.

Puleng ta duba takardarta ta kira madadin Ha Nkhasi. Malineo ta miƙe. Puleng ta nuna mata kujerar da ke kusa da taga, ta ce ta zo ta zauna, ta faɗi sunanta da sunan wanda take tsaya wa.

Iska tana kaɗa kwanon rumfar. Maza suka sunkuyar da kai. Malineo ba ta motsa ba.

Puleng ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan ta gane. A garinsu ma kakarta ta yi irin wannan kunyar, ita dai ta ɗauka abin ya wuce. Ta yi sauri ta ce ba komai, sunan yana rubuce a wurinta, a kawo wata kujera.

Sefali ya ce a'a. Ya ce mutum shida sun tashi sun faɗa da bakinsu yanzun nan a gaban kowa, ƙaninsa ma ya faɗa. Ba a yi wa kowa sassauci ba. Kuma kujerun kwamiti bakwai ne, kowace da ƙauyenta, ba kasuwa ba ce da kowa zai jawo abin zamansa. In madadin Ha Nkhasi ba za ta iya abin da sauran suka yi ba, sai a rubuta Ha Nkhasi ba ta da wakili yau, a ci gaba. Ramakatsa ya ce doka ɗaya ce ga kowa.

Sefali ya juya wajen Malineo, ya ƙara tausasa murya.

"Uwar Lineo, suna ne kawai. Mu duk muna kiransa, ba abin da ya same mu. Kujerar ma ga ta da fata mai laushi, tsohon ya ɗumama miki ita."

Wani daga kan buhuna ya yi dariya ya haɗiye ta.

Khoabane ya san abin da zai biyo baya in ta yi. Kafin rana ta faɗi za a ce matar Tefo ta kira sunan uban mijinta a gaban maza ta haye wurin zamansa. Kafin Lahadi maganar ta isa ƙauyen iyayenta, ta canja kama a hanya, ta zama ta zauna masa a cinya. Za ta isa ramin da Tefo yake. Matan da take ɗebo ruwa da su, waɗanda saboda su za ta yi, su ne za su fara janye 'ya'yansu daga gidanta. In kuma ba ta yi ba, uku da uku, Ramakatsa ya raba, awakin Sefali su hau Matsoana kafin sati.

Ya buɗe baki zai ce mata ta zauna abinta, a bar su su ci. Tari ya riga shi. Ya dafa ƙofa ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa.

Da ya ɗago sai ya ga ta fara tafiya.

A hankali take takawa, ta riƙe bakin bargonta da hannu biyu. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce bayan Mosiuoa, ta wuce bayan Ramakatsa. Fuskarta kamar ta wadda za a cire wa haƙori. Za ta yi. Shi ya ce mata ba za a kira ta ba, ga shi an kira ta, kuma za ta biya bashin maganarsa da mutuncinta ba tare da ta ce masa uffan ba.

"Dakata, uwar Lineo."

Ta tsaya, saura taku kaɗan.

Ramakatsa ya ce Ntate Khoabane ba shi da bakin magana a wannan zama. Khoabane ya ce ba maganar Matsoana zai yi ba, tambaya ce ga sakatariya.

"'Yata, in na faɗi na mutu a bakin ƙofar nan, kujerar ta wa ce?"

Puleng ta ce ta madadi ce, har ƙarshen wa'adi.

"A madadin wa za ta zauna?"

Ta ce ba a madadin kowa ba. Ta zama cikakkiyar 'yar kwamiti, da sunanta.

"In kuma na bar ta da raina?"

Puleng ta buɗe takardunta ta duba, ta ce duk ɗaya ne.

Ya tsaya. Shekarun da ya yi a rami ba su bar masa komai ba sai tari da 'yan tumaki. Bai yi karatu ba, sunansa ma da yatsa yake sa shi. Amma in ya shiga shago ana matsa masa, in rigimar kiwo ta tashi ƙofarsa ake bugawa, mai gari ma yakan aiko a tambaye shi. Duk daga kujerar nan ne. Ba tara ce za ta raba shi da ita ba, tara ana biya a dawo. Wannan ba dawowa.

"To rubuta. Ni Khoabane na Ha Nkhasi na sauka. Daga yanzu."

Sefali ya miƙe, taushin muryar ya tafi. Ya ce wannan wasa ne, ba a sauka da baki, sai an rubuta wa majalisa ta zauna ta amince. Ramakatsa ya fara gyaɗa kai. Mosiuoa ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce su bakwai da madadai bakwai sun ji da kunnensu, in ba a yarda da maganar dattijo a gaban mutum goma sha huɗu ba, to a rufe rumfar kowa ya tafi gida. Puleng ta ce ƙa'ida ta ce a sanar da sakatariya a gaban kwamiti, kuma ita ce sakatariya. Ta rubuta layi biyu, ta karanta da ƙarfi, ta miƙa masa tawada. Ya dangwala.

Sefali ya ce to kujerar fa? Har yanzu ita ce dai wadda tsohon ya zauna a kai.

Khoabane ya ratsa rumfar. Malineo ta ja gefe ta ba shi hanya. Ya ɗaga kujerar da hannu ɗaya, da fatarta da komai, ya juya.

"Ha Nkhasi tana da wakiliya. Ku nemo mata abin zama."

Ƙanin Mosiuoa ya jawo buhun ulu ya ajiye a gurbin. Ba wanda ya hana shi.

A waje ya dasa kujerar a jikin bangon kwano, inda dawakai ke ɗaure, ya zauna. Iska tana shiga ta ƙarƙashin bargo. Ya ɗora sandarsa a kan gwiwa. Ta cikin kwanon yana jin komai.

Ya ji Puleng ta tambayi suna. Ya ji an ce Malineo, daga Ha Nkhasi. Bai taɓa jin muryarta da wannan ƙarfin ba. A gida kullum ƙasa-ƙasa take magana, ta bayan wani.

Sefali ya yi dogon bayani a kan hunturu da yunwar dabbobi da ciyawar da ke tsaye tana bushewa a banza. Mosiuoa ya ba shi amsa. Sannan aka ba Malineo. Khoabane ya kasa kunne ya ji ta faɗi abin da shi zai faɗa, wato ko ƙafar dabba ɗaya kada ta taka Matsoana.

Ba haka ta ce ba. Ta ce saman gangaren da kewayen idon ruwa su zauna a rufe, awaki da tumaki kada su kusanci wurin ko na wane ne. Amma can ƙasa, daga tsohon ramin zuwa hanya, ciyawar ta yi ƙarfi. Akwai gwauraye mata a ƙauyuka uku masu saniyar tatsa ɗaya ɗaya, ba su da mai kai musu saman dutse. A bar su su ɗaure shanunsu a nan cikin hunturu, da igiya, ba sake ba.

Khoabane ya damƙe sandarsa. Shekara da shekaru yana cewa in ka buɗe wa saniya ɗaya ka buɗe wa dubu. Ya yunƙura zai tashi ya leƙa ta taga, sai ya tuna ba shi da ta cewa. Ya koma ya zauna. Godiyarsa ta juyo ta dube shi tana tauna linzami.

Aka yi ta ja-in-ja. Ya ji muryar Tlali, na ukun su Sefali, yana tambaya ko ƙauyensu yana cikin ukun. Uwarsa gwauruwa ce mai saniya ɗaya. Malineo ta ce yana ciki. Da aka ɗaga hannu, Puleng ta ƙirga da ƙarfi: biyar da biyu.

Sefali ne ya fara fitowa. Ya tsaya yana ɗaure igiyar sirdi, bai dubi Khoabane ba.

"Ka yi wa kanka jana'iza saboda ciyawa, Ntate. Ga shi ma ba ta bi maganarka ba."

"Tunkiyata tana ciki. Ka sa a kwance ta. Tara wurin mai gari zan biya, ba wurinka ba."

Sauran suka fito, kowa ya gaishe shi da hannu biyu, da irin gaisuwar da ake yi wa mai zaman makoki. Puleng ta tsaya tana kallon kujerar, don kayan majalisa ce. Ya kwance fatarsa ya naɗe, ya bar mata ƙarfen a nan.

Malineo ce ta fito ƙarshe. Ta tsaya nesa, kanta a ƙasa kamar kullum. Ba Matefo a kusa da za ta ɗauki magana ta kai. Ya hau godiyarsa, ya ce wa iska shanun nan in ba a sa musu ido ba igiyarsu tsawo take ƙarawa kullum. Ta ce wa ƙasa za a sa ido.

A gida Matefo ta riga ta ji. Ya jira ta yi masa ba'a, ba ta yi ba. Ta zuba masa tuwo, ta sa masa nama a kai, abin da ba ta yi sai ranar biki. Wannan ya fi ba'ar ciwo. Ya ci rabi ya ture.

Da safe yana zaune a jikin garke yana gyaran linzami, sai ga mutum biyu daga ƙauyen Tlali a kan dawakai. Suka sauka suka gaishe shi, suka tambayi jiki, suka tambayi tumakin da aka kama. Ya amsa. Ya ajiye linzamin ya gyara zama, don ya ga alamar da magana suka zo. Babban ya ce rigima ce a kan iyakar da za a ɗaure shanu, wasu sun ce daga rami, wasu sun ce daga dutsen da ke sama da shi. Ya murza hularsa a hannu, sannan ya tambaya ko uwar Lineo tana ciki.

Khoabane ya san amsar. Daga rami ne, ya ji da kunnensa. Ya dube su, ya nuna ɗakinta da haɓa, ya ɗauki linzaminsa.